Tsintsiyar Baba da Ruwan Lagireto

Ranar da aka kai Baba makwancinsa, ƙofar gidanmu a Yasore ta cika da tsofaffin motoci har babu inda akuya za ta ratsa. Direbobi ne daga tashar Batsari da Safana da Babban Duhu, wasu ma da fasinja a ciki, sun ba su haƙuri a tsaya a yi sallar gawa tukuna. Ni ina cikin gida tare da mata, autanmu ne ya ba ni labarin abin da ya faru a waje. Ya ce bayan an dawo daga maƙabarta kowa ya samu tabarma ya zauna, sai wani tsohon direba ya miƙe, ya ɗauki tsintsiyar da ke jingine a gindin bedi, ya duƙa ya shiga share filin da Baba ke tsayar da motoci. Yana shara hawaye na bin gemunsa. Baƙin da suka zo daga nesa suka fara kallon juna, sun zaci tsohon ya zautu. Direbobi kuwa babu wanda ya hana shi, janye ƙafafu ma suka riƙa yi don tsintsiya ta wuce.

A cikin gida wata tsohuwar Bafulatana ce daga rugar wajen Tsaskiya ta tayar mana da sabon kuka. Ta shigo da ƙwaryar nono a kai, ta dire a gaban Inna, ta ce ba ta da abin sadaka da ya wuce wannan. Ta ce akwai jikanta yana can yana kiwo, ba don Allah Ya kawo motar mamacin ba, da shi da uwarsa ba su kai asibiti ba. Inna na zaune a tabarmar takaba, kanta a sunkuye, amin kawai take iya cewa.

Da gaisuwa ta zo kaina, wata 'yar'uwar Inna wadda bakinta ba ya riƙe magana ta dafa kafaɗata ta ce, "Ke kuma ɗiyar fari, sai haƙuri. Kin rabu da uban da bai taɓa ce ma ki ci kanki ba." Na san ba da mugunta ta faɗa ba, tausayi ne irin nata. Amma wallahi maganar ta soke ni. Ni da nake koyar da 'ya'yan mutane a firamare a Safana, ni da na kusa aurar da 'ya, sai ga ni na kifa kai a gwiwa ina kuka kamar wadda aka yaye jiya.

Gaskiya ta faɗa. Mahaifiyar Baba Bafulatana ce, a ruga ya tashi wurin kawunnansa, saboda haka kunyar ɗan fari a wurinsa ta ninka ta kowa. Bai taɓa kiran sunana ba. Bai taɓa duban idona ba. In na durƙusa na gaishe shi, sai ya amsa wa bango. In yana son a kira ni, sai ya ce ina mutanen gidan nan suka shiga. Inna ma haka, yarinyar nan take ce mini har yau da furfura ta fara fito mini. A ɗakin kakata na tashi, cikin gida ɗaya da su. Ban taɓa jin haushi ba, don haka na ga ana yi, amma na girma da tunanin ƙannena sun samu uba, ni kuma na samu mai gida.

Zan faɗi abin da ya sa na ɗauki biro, don ba kuka kaɗai na zo yi ba. Baba ya mutu ya bar wata tsohuwar mota doguwa mai buɗaɗɗen baya, wadda duk Yasore ke kira Goggo. Ita ce motar da ke kwana a unguwarmu. Mai naƙuda, wanda maciji ya sara, tsohon da numfashi ya sarƙe masa, Goggo ce ke kai su Batsari. To a cikin jinyar Baba ta fara shan ruwa. A cika lagireto da safe, kafin a kai rabin hanya ta fara huci, kuma babu wanda ya ga inda ruwan ke bi. Ga matar Auta da tsohon ciki, na fari, ga damina ta sauka. Ranar sadakar bakwai Baffa, ƙanen Baba, ya ce a sayar wa 'yan gwangwan da ita. Zan dawo kan wannan, amma sai na fara nuna muku mutumin da ya riƙe motar nan da rai.

Baba bakanike ne, amma ba na komai ba. In ka kawo masa matsalar giya ko ta wuta zai tura ka Batsari. Shi ruwa ya sani. Motar da ke tafasa, motar da ke zubar da ruwa, motar da ke shanye shi ba a gani, su ne nasa. Kuma yana da doka guda da ta sa direbobi masu gaggawa suke zaginsa a bayan ido: ba ya duba mota tana huci. In ka iso masa da hayaƙi na tashi a bonet, sai ya nuna maka benci, ya aika a kawo maka fura. In ka matsa, ya naɗe hannun riga ya nuna maka tabon ƙuna tun daga wuyan hannu har gwiwa. Ya same shi ne yana yaron mota, ranar da ya buɗe murfin lagireto da zafinsa don maigidansa na sauri. Ya kan ce maigidan ya isa inda za shi, shi kuma ya yi wata guda yana cin tuwo da hagu.

Kayan aikinsa na farko tsintsiya ce. Da la'asar, in mota ta huce, sai a share ƙasa tas, a barbaɗa toka ko rairayi mai laushi, a turo motar a kai, a cika lagireto har wuya, a tafi a bar ta. Da safe bayan ya dawo masallaci sai a tura ta baya, ya tsuguna yana duban tokar. Wannan ba a gareji ya koya ba. Ya ce yana yaro a ruga, kawunsa ba ya barin a kora shanu kiwo sai ya zaga inda suka kwana. Daga kashi da fitsari da yadda ƙasa ta turmushe yake gane wadda ba ta da lafiya tun ba ta nuna ba. Da Baba ya bar sanda ya kama sifana, sai ya ga ai mota ma kwana take yi, kuma takan bar shaida a inda ta kwana.

Shara aikin mata ne, ni ce kuma babba, saboda haka ni ke share filin tun ina 'yar firamare. Ni ke kwaso toka a murhun Inna, ni ke kai masa koko da safe. Ina tsaye da kwano a hannu zai tsuguna gaban tokar, ya juya wajen Goggo da ke fake a gefe, ya fara yi mata bayani kamar mutum. "Goggo, kin ga wanga ɗigon? Can gaba ya faɗi, tsakiya. Lagireto ne da kanshi, sai dalma." Wata rana ya ce mata ɗigon ya karkata gefe, tiyo ne, ko kilif ya saki. Wata rana ya ce ya faɗo daidai ƙarƙashin fanka, famfon ruwa ne ya fara kuka. Yakan dangwala yatsa ya murza, ya sansana, ya gaya mata yadda ake rabe ruwa da baƙin mai da man birki. Mutanen gari suka ce yawan shaƙar fetur ya taɓa shi. Yara har kwaikwayonsa suke yi da gwangwani. Ni ma nakan danne dariya, in ajiye koko in koma gefe in tsaya, don ba a ce in tafi ba.

Ranar da toka ta kwana a bushe kuwa, ranar Goggo ke shan dogon karatu. Yakan ce mata ruwa ba ya ɓacewa haka nan, ko dai ciki yake shiga, ko kuma sai da zafi yake fita. Sai ya zaro ƙarfen awon baƙin mai ya ɗaga sama, ya ce in ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya haɗu da mai, gaskit ya ƙone, magana ta yi tsada. Ya buɗe murfin lagireto da sanyinsa, ya sa a tayar da inji, ya ce ta lura ko kumfa na tasowa. Ya zaga baya ya tara tafin hannu a bakin salansa, ya ce in farin hayaƙi ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, kuma hannu ya jiƙe, to ruwan ta nan yake fita. In duk wannan babu, sai ya duba robar murfin ko ta tsage, ya rufe, ya bar inji ya yi zafi sosai, ya kashe, ya ɗaga hannu kowa ya yi shiru. A nan kunne ke aiki.

Akwai kuma madubi. Wani ɗan madubin Inna ne mai bayan kwano, na kayan aurenta, ya ɓace daga ɗaki. Ta yi nema har ta zargi almajirai da maƙwabta, sai ga shi ɗaure a bakin kara a hannun Baba, yana zura shi lungun injin da ido ba ya kaiwa. In tururi na fita a ɓoye, madubin sai ya yi hazo. Inna ta yi faɗa ta gaji, ya ce zai sayo mata wani ranar kasuwar Batsari. Har ya koma ga Allah ranar kasuwar ba ta zo ba.

Ba waliyyi ba ne, kada in yi muku ƙarya. Yana da zuciya, kuma bakinsa akwai yaji. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne a zuba wa lagireto abin toshe ɓula. Direbobinmu kun san su: wannan ya fasa ƙwai, wancan ya zuba garin taba, wani sabulu. Wata shekara Baffa, lokacin yana jan tasa motar, tiyo ya tsage masa a hanyar Tsaskiya. Maimakon ya ɗaure da roba ya lallaɓo, sai ya karɓi garin kuka wurin wata fasinja ya antaya. Ɗigo ya tsaya, lagireto ma ya toshe gaba ɗaya. Da aka jawo motar gida Baba ya buɗe murfi ya ga yauƙi, sai ya tambaye shi a gaban jama'a ko ya tuna ya sa daddawa. Tashar Batsari ta ɗauka, aka koma kiran Baffa Mai Miya. Ya yi fushi, ya daina shigowa gidanmu, damina guda cur ba sa magana sai sallama.

Yadda suka shirya ma irin na Baba ne. Da kaka ta yi, ya sa Inna ta tuƙa tuwon sabuwar dawa, aka kai wa Baffa malmala uku a akushi babu miya. Ɗan aike ya ce an ce a gaya masa miyar tana cikin motarsa. Matar Baffa ta ce mijinta ya daɗe yana kallon akushin, sannan ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Da magariba ya zo da akushin a hannu, suka ci tare a zaure. Lagireton kuwa tuni Baba ya kwance shi ya wanke shi tsaf, yana jingine a bayan ƙofa yana jiran mai shi.

Goggo ba ta fita sai da jarka biyu a baya, ɗaya ta mota ɗaya ta mutane. Bai taɓa wuce motar da ya gani da bonet a buɗe ba. Da shekarun nan suka zo da hanyoyinmu suka zama abin da suka zama, da kowa ke son ya shige gari kafin rana ta yi ja, sai ya ƙara tsanani. Kullum kafin ya karya sai ya leƙa ƙarƙashinta. Yakan ce motar da ke ɗaukar mai naƙuda ba ta da izinin tsayawa a daji.

A hutun makaranta na bazarar da ta wuce na zo gida da yara. Wata la'asar aka jawo motar wani baƙon direba daga wajen Zamfara, cike da mata da ƙananan yara, tiyo ya fashe masa. Auta ya tafi Katsina, shaguna sai Batsari, rana kuma ta karkata. Baba ya shigo da matan cikin gida Inna ta ɗora tukunya. Ina bayan zana ina tankaɗe sai na ji muryarsa, ya ɗaga ta fiye da yadda ya saba. "Goggo, ki yi haƙuri, na ara ma baƙo tiyonki. Wanga da na sa ma ki tsoho ne, zai kai ki damina. Bayan nan sai a duba." Baƙon ya kwana a zaure, da sassafe ya wuce da mutanensa. Ba a daɗe ba ciwo ya kwantar da Baba, kuma bai ƙara tsugunawa gaban toka ba.

To, mu koma ranar sadakar bakwai. Baffa ba don abin duniya ya ce a sayar ba, in faɗi gaskiya. Tsoro ne. Auta ya kai motar Batsari, masu gyara suka duba da rana tsaka ga layin motoci, ba su ga ɗigo ba, suka ce mai yiwuwa gaskit ne, sai an buɗe kan inji, kuma injin da ya kai shekarun wannan in an buɗe shi ba lallai ya rufu ba. Na gaya wa Auta abin da na ji a bayan zana, ya duba manyan tiyo biyu na gaba ya ce lafiyarsu ƙalau. Baffa ya ce shi ba zai zuba ido yaron nan ya ɗauki mace da naƙuda a motar da za ta mutu masu a tsakiyar daji ba, gara a san babu, a nemi babur kamar kowa. Na dubi matar Auta tana zaune da ƙyar a bakin ƙofa, na tuna taɓon hanyarmu da yadda babur ke watsi da mutum a cikinsa.

Ban san lokacin da na ja mayafi na fita zaure na durƙusa ba. Na ce, "Baffa, a ba ni aron ta zuwa gobe da hantsi." Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Malama, mi za ki yi mata? Bita?" Maza suka yi 'yar dariya. Na ce shara zan yi. Ya juya carbinsa, sannan ya ce a ba ta makulli.

Ƙasa a jiƙe take ko'ina, saboda haka muka yi amfani da rumfar kwanon da Baba ya kafa a bayan gida. Na share, na kwaso toka a murhun da aka dafa abincin sadakarsa, na barbaɗa. Auta da abokansa suka turo Goggo a kai, aka cika ta har wuya. Rabona da wannan aiki tun kafin aurena.

Da safe aka tura ta baya. Babu komai a tokar sai sawun tururuwa da na ƙadangare. Baffa, da ya zo da kujerarsa ya zauna, ya girgiza kai ya ce to ai ga shi nan, ciki take sha. Ni ma zuciyata ta karye. Amma sai na ji bakina yana faɗin abin da ban shirya ba, cewa ko ciki yake shiga, ko sai da zafi yake fita, kuma ba mu duba ko ɗaya ba. Na ce Auta ya zaro ƙarfen awon mai. Baƙi ne wuluk, babu alamar madara. Na ce ya buɗe murfi ya tayar. Na leƙa, ruwa na motsi amma babu kumfa. Na zaga baya na tara hannu a salansa har inji ya ɗumama, hayaƙin ya washe, tafina a bushe. Na duba robar murfi, lafiya lau. Auta na kallona baki buɗe, ya ce Yaya, ina kika san wannan. Ni ma a lokacin ban sani ba.

Muka rufe, muka bar ta ta yi zafi har allurar awon zafi ta fara hawa, ya kashe. Na ɗaga hannu. Baffa da kansa ya kori kajin da ke tone-tone a gefe. Da farko ba ka jin komai sai ƙarar ƙarfe na hucewa. Can sai na ji wani siririn tsaki, ba daga gaba ba, daga can bayan inji wajen da ya jingina da jikin mota. Na ce Auta ya duba akwatin gaban fasinja. Madubin Inna na nan, da karansa. Ya zura shi a hankali, ya zaro, ya yi hazo fari fat. Ya sake zurawa ya karkata shi, muka haɗa kai muna leƙe. Wani ɗan ƙaramin tiyo ne da ko yatsa biyu bai kai kauri ba, an ɗaure bakinsa da waya, murɗi irin na Baba. Ya yi 'yar ɓula kamar ta allura, yana fesa ruwa a kan ƙarfen salansa mai zafi, ruwan na ƙonewa tun bai kai ƙasa ba. A jikin ƙarfen ga farin zane kamar an shafa kanwa, shaidar ruwan rijiyar da Auta ya yi ta ɗura mata.

Baffa ya taso ya karɓi karan ya leƙa da kansa. Ya daɗe a duƙe. Da ya ɗago idonsa ya yi ja, ya share da hannun riga ya ce, "In da ni ne, da tuni na zuba kuka." Dariyar farko ke nan da aka yi a gidanmu tun rasuwar. Auta ya hau babur ya tafi Batsari, kafin azahar ya dawo da sabon tiyo da kilif. Washegari Auta da Baffa suka je Batsari da Goggo suka dawo, aka bar ta ta huce, aka buɗe murfi, ruwa na nan a wuya inda aka bar shi. Maganar 'yan gwangwan ba ta ƙara tashi ba.

Wata safiya ana yayyafi, na koma Safana ke nan ba da daɗewa ba, Auta ya kira ni a waya. Naƙuda ta kama matarsa, Goggo ta kai su asibiti ba ta ko yi tari ba. Haihuwar ta zo da gardama, ma'aikatan suka ce da an ƙara jinkiri da labari ya canja. Aka samu 'ya mace, uwa da ɗiya lafiya. Na yi sujada a tsakar gida, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya.

Ranar suna na zo. Bayan an watse da yamma muna ɗakin Inna mu uku, ni da ita da mai jego. Matar Auta ta shiga yi wa mijinta tsiya, ta ce tun da aka haifi yarinyar nan bai ɗauke ta ba, bai faɗi sunanta ba, in ya shigo sai ya tambayi ƙofa ya kwanan baƙuwa. Inna na gyara zanen jaririya. Ba ta dube ni ba, ba ta taɓa yi ba. Ta fuskanci surukarta ta ce, "Ki bar shi, gado ya yi. Haka ubanshi yake. Mutane na cewa fetur ya taɓa shi shina magana da mota. Ni da ke leƙen shi ta zana na san gaskiya. In yarinyar nan ba ta wurin, shiru yake aikinshi tun safe har yamma. Sai ya ji motsin tsintsiyarta sannan Goggo ke samun karatu."

Inna ta ci gaba da naɗe zanen kamar ba ta ce komai ba. Ni kuwa na kasa zama. Na miƙe na fita ta bayan gida, na tsaya a rumfa, na yi kukan da ya fi na ranar rasuwa, amma wannan karon da sanyi a ƙirjina. Duk safiyoyin nan da nake tsaye da kwanon koko ina danne dariya, duk ɗaga muryar nan ranar baƙon Zamfara da ya san ina bayan zana. Mutumin da aka ce bai taɓa ce mini ci kanki ba, ashe babu wanda ya yi wa magana a duniya kamar ni.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa zafin bakinsa, Ya karɓi duk jarkar ruwan da ya sauke wa baƙo a hanya, Ya sa can ta fi masa nan. Waɗanda suka zo, da waɗanda suka aiko, da tsohon da ya share mana fili, Allah Ya ba da lada.

Tsintsiyar tana jingine a inda na bar ta. Na ɗauka, na duƙa na share ƙarƙashin motar tas, ko da yake babu abin da ke ɗiga. Da na gama na dafa bonet, da sauran ɗuminsa na jigilar 'yan suna, na ce, "Goggo, ashe da ni ake. To na ji."